Tsagar lagireto na roba

Jama'a, idan lagireton motarka ya fara yoyo daga saman nan na roba, kada ka yi saurin shafa masa gam. Nawa ya tsage kusa da wuyan da babban tiyo yake shiga. Tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, sai inji ya ɗau zafi kake ganin ruwa yana tsartuwa.

Wani dattijon bakanike ne ya yi min aikin, ina tsaye ina kallo. Sai da inji ya huce sarai sannan ya taɓa murfi, domin ruwan ciki yana kai digiri 90 ko fiye, yana iya saɓule wa mutum fata. Ya zubar da ruwan, ya wanke wurin, ya kankare, ya huda ɗan rami a kowane bakin tsagar don kada ta ci gaba. Ya nuna min rubutun PA66 a jikin robar, ya ce ai nailan ce. Sai ya ɗauko 'yar igiyar robar nan da ake ɗaure wayoyi da ita, ita ma nailan, ya narkar da ita cikin tsagar da ƙarfe mai zafi irin na masu gyaran rediyo, har suka zama abu ɗaya. Gam kuwa, in ji shi, roba na buɗewa tana tsukewa da zafi da sanyi, a hankali sai ya ɓamɓare.

Na ce, "Baba, masu zuba garin kwaki a cikin lagireto don tsayar da yoyo fa?" Ya girgiza kai. Toshe ƙananan hanyoyin ruwa yake yi, inji ya ƙara zafi, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone.

Ya kuma ce idan robar ta tsufa har tana marmashewa, sai dai a sa sabo.