Ranar da na haye duwatsun Faransa na sauka Sifen da ƙafa

Abokina ne ya jawo min wannan wahalar, kuma har yau in mun haɗu sai na yi masa gori. Ɗan kudancin Kaduna ne, Katolika, tare muke karatu a Toulouse, tun shekarar farko yake damuna da zancen Camino, wai hanya ce da Kiristoci suke bi a ƙafa fiye da shekara 1000 zuwa Santiago de Compostela can arewa maso yammacin Sifen, inda suka yi imani nan kabarin Yakubu yake, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa su 12. Shi ya yi alwashin sai ya taka ta duka, wata guda da 'yan kwanaki. Ni kuma da bakina nace zan raka ka zangon farko in juyo, kilomita 25 ce fa, mu da muka tashi muna zuwa gona da ƙafa. Hmm. Ba girin-girin ba dai, a yi mai.

Ƙaramin jirgin ƙasa muka shiga daga Bayonne, wajen awa ɗaya sai ga mu a Saint-Jean-Pied-de-Port. Akwai ofishin maziyarta a lamba 39 kan titin Citadelle, tsofaffi 'yan sa kai ne ke zaune a ciki, su ba ka wata takarda mai ninki-ninki da ake ce wa kiredensiyal, duk inda ka kwana a buga maka hatimi a kai, in ka kai Santiago da ita za a tabbatar ka taka aƙalla kilomita 100 kafin a ba ka shaida. Ba wanda ya tambaye ni addinina, jakata aka tambaya. Dattijon ya rataye ta a sikeli, kilo 13, ya kalle ni ya kalli jakar yace ƙa'ida kar ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka. Ni ko kilo 70 ban kai ba. Nace Baba ba komai zan iya, ya yi wani murmushi irin na wanda ya ga irina da yawa. Shi ne kuma ya bayyana mana hanya biyu ce, ta kwari da ke bi ta Valcarlos da ta saman dutse da ake kira hanyar Napoliyon, wadda ake rufewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda ƙanƙara da hazo sun sha kashe mutane a can. Mu a ƙarshen Mayu muka je, ta sama muka zaɓa.

Bayan na yi asuba, ƙarfe 6 da rabi muka fita ta ƙofar garin muka haye gadar kogin Nive, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin sandunan mutane a kan duwatsun titi. Kuma wallahi hanyar ba ta yi mana sallama ba, daga fita gari hawa ya fara. Garin bai kai mita 200 sama da teku ba, inda za mu haye kuma ya haura mita 1400, kuma mafi munin hawan yana cikin kilomita 8 na farko, tsakanin Honto da Orisson. A nan na daina magana. Abokina yana gaba yana jan carbinsa na rosari, ni ina baya ina ƙirga taku, in yi 50 in tsaya kamar ina ɗaukar hoto alhali numfashi nake nema.

A wannan hawan ne wata dattijuwa 'yar Koriya ta iske ni, za ta yi sa'ar kakata, 'yar ƙarama da ita da hula mai faɗi da ƙwanson kodi yana reto a bayan jakarta, wanda shi ne alamar masu wannan tafiya. Ba ta jin Faransanci, Turancinta kuma kaɗan ne. Ta tsaya ta kama igiyar jakata ta ƙugu ta ja ta ɗaure tamau, ta sassauta ta kafaɗa, ta bubbuga ƙuguna alamar nan ne zai ɗauki kaya. Sai naji kamar an sauke min rabin buhu. Nace Mama na gode, na ba ta dabino uku, tace buwen kamino, gaisuwar da kowa ke wa kowa a hanyar, ta wuce da ɗan takunta guntu-guntu wanda ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. Duk yinin nan sai in wuce ta da saurina na yaro, in zauna hutawa ta zo ta wuce ni, har na ji kunya na koma yin irin takunta.

A Orisson muka sha shayi muka cika gorunan ruwa, na tambaya ko akwai alade a miyarsu, ban gamsu da amsar ba sai na tsaya a burodi da cuku. Daga nan bishiyoyi suka ƙare sai ciyawa shar har iya ganinka, tumaki masu baƙar fuska, dawakai suna kiwo ba makiyayi da ƙararrawa a wuya, gajimare kuma a ƙasanmu ya cika kwari fari fat kamar an baza auduga. Ungulaye manya-manya suna shawagi daidai kanmu, abokina yace kai suke jira, nace in sha Allahu sai sun kwana da yunwa. Akwai mutum-mutumin Maryama riƙe da jariri a kan wasu duwatsu a Biakorri, mutane sun rataya masa rosari da furanni, nan ya durƙusa ya yi addu'arsa ni kuma na zauna nesa kaɗan na cire takalmi na tarar ƙafar dama ta yi bororo a dunduniya.

Iskar wajen fa ba ta wasa ba ce. Daidai wata giciye da ake ce wa ta Thibault hanya ke barin kwalta ta hau ciyawa da laka, a nan iska ta kusa kayar da ni. Can gaba kusa da iyaka akwai famfon Roland, ruwan dutse ne, a nan na yi alwala, sanyin ruwan sai da haƙorana suka amsa. Na duba alƙibla a waya na shimfiɗa rigar ruwata na haɗa azahar da la'asar ƙasaru, abokina ya taka gefen rigar da ƙafa don kar iska ta tafi da ita. Iyakar kanta ba ɗan sanda ba shinge ba mai cewa kawo fasfo, dutse ne kawai da aka rubuta Navarra, shikenan ka shiga Sifen.

Shi Roland ɗin nan jarumin sarki Sharlaman ne, a shekarar 778 mutanen Basko, 'yan asalin duwatsun, suka yi wa bayan rundunar sarkin kwanton ɓauna a wannan yankin suka kashe shi. Amma mawaƙan da suka zo bayan shekaru ɗaruruwa sai suka mai da maharan Musulmi. Na ce wa abokina ka ga an ɗora mana jakar tsaba, yace to yau dai ga Musulmi ya zo da kansa kuma ko tsayuwa ba ya iya yi.

Tsakanin nan da Lepoeder, ƙololuwar hawan, ba abin da nake tunawa sai ƙanin kakana da ake ba mu labari a gida, wanda ya tafi Makka a ƙasa ta Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da El Obeid ta Sudan, yana tafiya yana tsayawa noma ya samu guzuri, shekara 7 kafin ya dawo, wasu abokan tafiyarsa ma a Sudan suka zauna har yau jikokinsu na can. Ni ga takalmi mai tsada ga waya mai taswira, yini ɗaya ina neman kuka.

Kowa hawan yake tsoro amma ni gangarowa ce ta gama da ni. Daga Lepoeder ana hango rufin majami'ar Roncesvalles, inda zangonmu zai ƙare, a ƙasa kamar ka miƙa hannu. An ce mana a ofis mu bi ta dama ta Ibañeta, ta fi tsawo amma ta fi sauƙi, mu kuma ganin gida ya sa muka faɗa ta cikin daji kai tsaye. Gangara ce tsaye, ga busassun ganye a kan laka ga saiwoyi, gwiwoyina suna rawa kamar na ɗan akuya sabon haihuwa, sau biyu ina zama daɓas. Kusan awa ɗaya da rabi muka yi a wajen da bai kai kilomita 4 ba.

Biyar saura muka isa. 'Yan sa kai 'yan Holan ne ke kula da masaukin, suka ce a cire takalmi a ajiye a ɗakin takalma, warin ɗakin nan Allah kar ya maimaita. Mama 'yar Koriya har ta yi wanka tana shanya safa, ta ɗaga min hannu. Da daddare aka ba mu kifi da dankali, abokina ya shiga cocin da sarki Sancho na 7 ya gina don addu'ar da ake sa wa maziyarta albarka, ya dawo yana murna wai da fada yana karanto ƙasashen waɗanda suka iso ranar ya ambaci Najeriya. Ni lokacin ina kan gadon sama ina tunanin yadda zan sauko in na so fitsari.

Da safe na raka shi bakin allon da aka rubuta Santiago de Compostela 790, na juye masa sauran dabinon da ƙuli-ƙulin a jakarsa, ya shige cikin bishiyoyi. Ni kuma na koma jiran motar Pamplona, matakala uku na bakin masaukin da baya-baya na sauke su ina riƙe da bango.