Yadda nake haɗa ruwan sigarin lantarki da hannuna

Na sha taba shekaru masu yawa kafin na zo Ingila, kuma a nan na bar ta, bayan tari ya fara tashina da asuba, kuɗin kwali ɗaya kuma ya haura fam 10 tun da daɗewa. Sigarin lantarki ne ya raba ni da ita. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, tana cewa illarsa ba ta kai ta taba ba, amma ba ta taɓa cewa ba shi da illa ba, kuma tana gargaɗin wanda bai taɓa shan taba ba da kada ya fara shan sigarin lantarkin. Ni ma a kan haka nake. In ba ka shan taba, ɗan'uwa, wannan rubutu ba naka ba ne.

Abin da ya sa na fara haɗawa da kaina shi ne ina son in riƙa rage nikotin a hankali, da ma'aunin da ni na zaɓa. Na kanti ana sayar da shi ne a matakai ƙayyadaddu, miligiram 3, 6, 12 ko 18 na nikotin a kowace mililita, tazarar kuma ta yi mini faɗi. Sauƙin kuɗi ya biyo baya.

Abubuwa huɗu ne kacal a cikin ruwan. Akwai gilisarin na tsirrai, wanda za ka ga an rubuta VG a jikin kwalbarsa. Yana da kauri da ɗan zaƙi, shi ke kawo yawan hayaƙi. Akwai PG, wato sinadarin propylene glycol, ruwa ne mara kauri, shi ke ɗaukar ƙamshi, shi kuma ke ba da ɗan kartar maƙogwaron nan da tsohon mashayin taba ke nema. Sai ƙamshi, sai nikotin. Babbar na'ura mai fitar da hayaƙi da yawa tana son VG kashi 70, PG kashi 30. Ƙaramar da ake zuƙa kamar karan sigari ta fi son rabi da rabi, don audugar da ke cikinta ba ta iya tsotsar ruwa mai kauri da sauri, sai ta ƙone ka ji ƙauri.

A kan ingancin kayan nan zan daɗe, domin a nan na fi jin tsoro ga mutanenmu. Wani abokina a gida ya taɓa tambayata ko gilisarin da ake sayarwa lokacin hunturu don shafawa zai yi, tunda suna ɗaya ne. Ba zai yi ba. Na shafawa ana iya gauraya shi da turare ko ruwan fure, kuma ba a tace shi don shiga jiki ba. Wanda ake nema shi ne mai darajar haɗa magani, mai alamar USP ko EP a jikinsa. Haka ma ƙamshin kek da na alawa da ke kasuwa: da yawansu da mai aka haɗa su, wasu da sukari ko kala. Abin da ciki ya karɓa ba lallai huhu ya karɓa ba. Huhu ba ya narkar da mai, in ya taru a ciki yana jawo kumburi mai tsanani. A 2019 an ga abin da ya faru a Amurka, lokacin da masu haɗa ruwan wiwi na bayan fage suka riƙa ƙara masa kauri da wani sinadarin bitamin E mai maiƙo. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙidaya mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti ko suka rasu, 68 daga cikinsu sun mutu. Sinadari ne da ake sa wa a man shafawa da ƙwayoyin ƙarin lafiya ba tare da matsala ba, amma da ya shiga huhu sai ya zama ajali. Don haka ba zuma, ba man habbatussauda, ba man kanumfari, ba turare, komai kyawunsu a wani wurin. Ina kuma duba ko ƙamshi na ɗauke da dayasetil, sinadarin da ke ba da ɗanɗanon man shanu, wanda aka danganta da ciwon huhun da ya kama ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Missouri wajen shekarar 2000. Kamfanonin kirki suna bayyana wannan a takardar bayanin kayansu. Wanda bai bayyana ba, ba na saye.

Da sikeli nake awo, ƙarami mai nuna har 0.01 na giram. Ya fi sirinji tsafta, ya fi ƙirga ɗigo gaskiya, don ɗigon wata kwalba ba ɗaya yake da na wata ba. Sai dai a tuna mililita ba giram ba ne: mililita ɗaya na VG ya kai giram 1.26, na PG kuma kusan 1.04. Gwajin sabon ƙamshi kullum a mililita 10 nake yi, ba tare da nikotin ba. Ƙamshi kashi 5, wato kusan giram 0.52, sai PG kashi 25, giram 2.59, sai VG kashi 70, giram 8.82. A rufe, a girgiza sosai. In bai fito ba, a ƙara kaɗan a kwalba ta gaba. Ƙamshi in ya yi yawa ba ƙara daɗi yake ba, dusashewa yake yi ko ya koma kamar sabulu. Na'ana'a da kirfa suna da ƙarfi sosai, kirfa ma tana iya tsaga tankin roba.

Na 'ya'yan itace, irin su mangwaro da lemo, ana iya sha bayan kwana ɗaya ko biyu. Na madara da kastad da na ganyen taba sai sun kwanta mako biyu zuwa huɗu a wuri mai duhu kafin su nuna kansu. Kowace kwalba ina rubuta mata kwanan wata da abin da ke ciki, ina kuma da littafi na musamman.

Nikotin kuwa guba ne, kuma yana ratsa fata. Dokar da ta fara aiki a Turai a 2016, wadda Ingila ke bi har yanzu, ta hana sayar da ruwan da ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, kwalbar kuma kada ta wuce mililita 10. Wannan doka ta sauƙaƙa wa sabon shiga lissafi. Kwalba ɗaya mai ƙarfin 18 tana ɗauke da miligiram 180. Ka zuba ta cikin mililita 50 na ruwan da ba nikotin, ka sami mililita 60 mai ƙarfin 3. A intanet za ka ga ana tallar mai ƙarfin 100. Shawarata kada ka kusance shi; kuskuren ɗigo kaɗan a wannan ƙarfin ba ƙaramin abu ba ne. Jiƙa ganyen taba don a tatso nikotin ma kada a fara, ba yadda za ka san ƙarfin abin da ka samu.

Ina sa safar hannu ta roba, ina buɗe taga, ba na haɗawa a kicin ko a gaban yara. In ya taɓa fata, ruwa da sabulu nan take. Tashin zuciya, jiri, zufa, yawan miyau da bugun zuciya alamu ne na ya yi wa jiki yawa. Yaro kuwa in ya haɗiya, asibiti za a nufa da shi tare da kwalbar, ba a jira a ga alama, ba a sa shi amai. A Disambar 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York bayan ya sha ruwan nikotin. Irin wannan ruwa a ƙananan kwalabe yake zuwa, wasu da ƙamshin alawa, ga gidajenmu cike da yara, namu da na maƙwabta. Nawa a akwati mai kwaɗo suke, a saman kabad, nesa da rana da zafi, tunda zafi da haske da iska suna lalata nikotin, ya yi duhu ya fara yaji a maƙogwaro.

Da 12 na fara, na sauko 9, sannan 6, ina tsayawa a kowane mataki har sai sha'awar taba ta daina waiwayata. Yanzu kwalba ɗaya mai ƙarfin 18 nake zubawa a haɗin da jimillarsa mililita 120 ce, wato ƙarfin 1.5. Haɗi na gaba rabin kwalba zan sa, in Allah ya yarda.