Alhamdulillah, jiya goshina ya taɓa ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Jiya a sallar magariba na yi sujjada goshina ya taɓa ƙasa ban ji wannan sukar ta tsakiyar ƙirji ba, karo na farko tun daren da aka kai ni asibiti da ciwon ƙirji. Sati 7 kenan ina sallah a kan kujera. Da aka sallame na kasa tashi, ina zaune a sahu hawaye na zubo min har na kusa da ni ya dafa ni yana tambaya ko ciwon ne ya dawo, na ce a'a wallahi, godiya ce kawai ta cika min zuciya. Shi ya sa na ce yau sai na rubuta wannan duk da har yanzu a gajiye nake, barcin da na rasa a makonnin nan bai gama biyana ba.

Yawancinku kun san abin da ya faru ba sai na maimaita ba. Kun san ɗaga ƙarfen da nake yi da yamma, kun san ranar da na ƙara nauyi ina kwance a kan benci na ji wani ƙas a tsakiyar ƙirjina, na share na ci gaba har kwana 4. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne abin da ke cikin raina a daren da aka fita da ni. Wajen ƙarfe 2 na dare na juya a kan katifa sai na ji kamar an soka min ƙusa gefen hagu na ƙashin ƙirji, in na ja numfashi ya ƙaru, kuma ba abin da ya faɗo min sai Baba, Allah ya jiƙansa, domin shi ma ƙirji ya dafe a shago, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na kalli Ummi tana barci a gefen uwarta, shekararta 3, na ce a raina shi kenan ita ma za ta tashi ba uba. Ban iya furta wannan ba, kalmar shahada kawai nake maimaitawa, maiɗakina kuma ta fita ko takalmi babu tana buga ƙofar maƙwabta.

Na san ba ya so a ambace shi, ya ma gargaɗe ni, amma ya yi haƙuri sai na faɗa. Dogo mai adaidaita na layinmu. Cikin sanyin hunturun nan ya fito da singileti, bargon da ya tashi da shi ya lulluɓa min, ya tura keken da hannu har bakin ƙofarmu don kar in yi tafiya. Duk wanda ya san hanyar layinmu ya san ramukan da ke cikinta, to da ya lura duk gargada sai na yi nishi, sai ya riƙa ratse ramukan ɗaya bayan ɗaya yana waiwayowa yana cewa, "Yi ta salati ɗan Alhaji, mun kusa, yi ta salati." Bai tafi ba. A benci ya zauna a waje har aka kira asuba, ba riga, bargonsa na jikina. Da maiɗakina ta miƙa masa kuɗi sai ya ɓata rai ya ce, "Haba 'yata, mahaifin mijinki ne ya tsaya min lokacin da na karɓi keken nan, kuɗin me za ki ba ni?" Ni ban ma san wannan labarin ba sai a daren. Baba Dogo, Allah ya biya ka da gidan Aljanna, ya raya maka zuri'a, ya sa kar ka taɓa neman taimako ka rasa, ya mallaka maka naka na kanka har ka ba wasu haya.

Likitar da ta duba ni ban san sunanta ba, amma ba zan manta da ita ba. An liƙa min wayoyin gwajin bugun zuciya, 6 a ƙirji 4 a hannuwa da ƙafafu, an ɗebi jini sau biyu tsakani da 'yan awanni, an yi hoton ƙirji. Sannan ta sa babban yatsanta ta danna daidai inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji, na yi ƙara na riƙe hannunta, ta ce, "Nan ne ko Malam? Shi ne irin ciwon da ya tashe ka?" Na ce shi ne sak. Ta ja kujera ta zauna, duk da layin da ke jiranta, ta zana min a bayan takarda: haƙarƙari 12 ne a kowane gefe, 7 na sama kowanne yana manne da ƙashin ƙirji ta hanyar guringuntsi, don ƙirji ya iya buɗewa in an ja numfashi. Wannan guringuntsin ne na wahalar har ya yi tsami ya kumbura daga ciki, sunansa a wajensu kostokondiraitis, kuma ƙas ɗin da nake ji motsin wannan mahaɗar ce, ba karaya ba ce. Ta ce zuciyata lafiya lau, amma na yi daidai da na zo, domin ba a zama a gida a yi wa ciwon ƙirji hasashe, musamman in ya zo da zufa ko sarƙewar numfashi ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi. Da ta ce "lafiya lau" ɗin nan sai maiɗakina ta durƙushe a wajen tana kuka. Likita, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi mai amfani, ya jiƙan magabatanki.

Masu tambayata ta inbos me na yi na samu sauƙi, ba wani sirri. Na ajiye ƙarfe gaba ɗaya, ko bokitin ruwa ban ɗauka ba. Da yake ina da olsa ba a ba ni ibufurofen ba, farasitamol aka ba ni da man shafawa, don haka don Allah kar wani ya je kemis ya ce a ba shi irin nawa, kowa da jikinsa. Sai gashi da tawul da ruwan ɗumi safe da dare, in tari ko atishawa ya zo in rungume filo a ƙirji. Daga baya a sashen gashin ƙashi aka koya min tsayawa a bakin ƙofa in dafa gefe biyu in ɗan turo ƙirji a hankali, aka kuma hana ni al'adar banƙarewa da gangan don in ji ya yi ƙas, wadda na saba da ita tun kafin ciwon. Waɗanda suka kawo shawarar mai ɗori da masu cewa a kira wanzami ya yi ƙaho, na san ƙauna ce, na gode, amma ba abin da ya karye balle a ɗora.

Umma, ke kika riƙa tashi kafin asuba kina dafa ruwan gashin nan da kanki duk da ciwon gwiwarki, ban da bakin gode miki, Allah ya ba ni ikon yi miki biyayya har ƙarshen rayuwata. Maiɗakina, kin ɗauki nauyin gida da ni da Ummi ba ki taɓa nuna min gajiya ba, Allah ya bar mu tare duniya da lahira. Ƙanina da ya riƙe shago sati 5 ya kawo lissafi ko naira ba ta ɓata ba. Abokan motsa jiki da suka yi karo-karo suka biya kuɗin gwaji ban roƙe su ba. Limaminmu da ya sa aka ajiye min kujera a ƙarshen sahu. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga ciwon dare, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Akwai waɗanda muka haɗa kaka da su, gidansu bai kai tafiyar minti 20 daga namu ba, har yau ban ga ƙeyarsu ba, sai sitika ɗaya a guruf ɗin dangi na WhatsApp. Ba zan ce komai ba, na yi musu uzuri, amma Umma ta riƙa kallon ƙofa a satin farko kuma na ga hakan.

Ciwon bai tafi kwata-kwata ba, da safe in sanyi ya yi yawa ina ɗan jinsa, kuma an ce in zan koma ƙarfe sai da kaɗan kaɗan, ba yanzu ba. Ku ci gaba da sa ni a addu'a. Yau da safe Ummi ta miƙo hannu kamar yadda take yi kullum, ta saba in ce mata sai Abba ya warke, yau kam na sunkuya na ɗauke ta har bakin zaure.