Abin da na fito da shi daga garejin wutar mota

Na bar garejin, amma maganar wata kyamarar ɗaukar hoton hanya da na jona wa wata mota ba ta fita daga raina ba. Fiyus ɗin da na saka mata na amp 3 ne, sai ya riƙa ƙonewa. Na ce wa maigida akwai inda waya ta goge tana taɓa bodi, a bari in bi ta in gano. Ya ce babu lokaci, ya zare shi ya cusa na amp 20, mai ruwan ɗorawa. Da wayar ta narke a bayan dashbod, a gaban mai mota ya nuna ni ya ce aikin yaro ne. Ban ce uffan ba, don ba a musu da maigida a gaban baƙo. Har yau abin na ci mini rai.

Abin da ya ƙi saurara shi ne, waya fiyus yake karewa. Kyamara ba ta cika jan abin da ya kai amp 1 ba, kuma wayarta siririya ce, don haka na amp 2 zuwa 5 ya ishe ta. In ƙarami yana ƙonewa, laifi yake nuna maka, sai a nemo shi.

Wurin da za a jona kuwa, testa, abin gwada wuta, ce ke faɗa, ba zanen murfin akwatin fiyus kaɗai ba. Zare makulli ka taɓa bayan fiyus da testa: wanda ya kawo wuta shi ne na kullum, na ɗaukar hoto in mota tana ajiye. Wanda sai an murɗa makulli yake kawowa, shi ne na tafiya. Amma a jira tukuna, wasu motocin suna riƙe wuta na wasu mintoci bayan an kashe su, sai su yaudare ka.

Mahaɗar da ake cusawa a gurbin fiyus don jona kyamarar, mai ramukan fiyus biyu da waya a gefe, tana da fuska. Cire fiyus na asali, ka gwada wane gefen gurbinsa ne ke da wuta, ka sa ƙafar mahaɗar da ke nesa da wayar a wannan gefen. Fiyus na asali a ramin ƙasa, na kyamara a na sama.

Kada ka kusanci layin jakar iska, ko na birkin ABS, ko na kwamfutar inji. Ka duba girman fiyus ɗin motar kafin ka sayi mahaɗa, don ba iri ɗaya ba ne. In kuma kyamarar za ta kwana a kunne, ka saita ta yadda za ta kashe kanta kafin batir ya yi sanyi.