Shekararku ta Farko a Asibitin Karnuka da Kyanwoyi

Wanda ya karanta likitancin dabbobi a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri yakan fito hannunsa ya fi sabawa da saniya da tunkiya da kaji, domin su ne dukiyar yankinmu. Sai aiki ko bautar ƙasa ta kai shi asibitin ƙananan dabbobi a Abuja ko Kaduna ko Jos, a miƙo masa kyanwa mai kilo 3. Sa mai kilo 300 yana jure kuskuren mil ɗaya na magani, kyanwar nan kuwa mil ɗayan zai iya zama ajalinta. Ƙannena, abin da zan faɗa muku na tattaro shi ne daga kurakuran da ni da tsararrakina muka tafka muna sabbin shiga, kuma kusan dukkansu a lissafi da sa ido suka faru, alhali amsar tana cikin littafin da muka ci jarrabawarsa.

A Amurka da Turai sabon likita yakan yi shekara guda ta horo a babban asibiti, yana zagaya sashen tiyata da na cututtukan ciki da na gaggawa, in yana son ƙwarewa ya ƙara shekara 3 a fanni ɗaya. A wajenmu yawanci kai ne za ka nema wa kanka irin wannan shekarar, don haka ka iya zaɓen wuri. Kafin ka tambayi albashi, tambayi wanda zai riƙa duba katin jinyar da ka rubuta, da wanda za ka kira ƙarfe 2 na dare idan kare ya fara zubar da jini bayan tiyata. Duba ko akwai sikeli, da na'urar juya jini don auna PCV (kason jajayen ƙwayoyin jini a cikin jini), da madubin duba ƙwayoyin cuta, da tukunyar iskar oksijin mai iska a ciki, da ɗakin keɓe masu cuta mai yaɗuwa. Asibitin da zai damƙa maka makulli a makon farko maigidan ya tafi harkarsa, ma'aikaci mai arha yake nema. Zama a irinsa yana koya wa mutum ƙarfin hali kafin hannunsa ya nuna, kuma wannan haɗin yana da haɗari.

Kowace dabba ta hau sikeli kafin allura ta taɓa ta. Ƙiyasin ido yana yaudara ƙwarai a kare mai yawan gashi da kuma wanda ya rame. In kare ya ƙi tsayawa, ɗauke shi ku hau tare, sannan ka cire nauyinka. Bayan nauyi sai ƙarfin maganin da ke jikin kwalba, ka karanta shi duk lokacin da za ka zuƙa ko da jiya ka yi amfani da irinsa. Zailazin, maganin sa dabba barci, yana zuwa da miligiram 20 a kowane mil, akwai kuma na dawaki mai miligiram 100. Ketamin, shi ma maganin barci, akwai mai 50 akwai mai 100. Wanda ya haddace "mil kaza ga kare matsakaici" zai wayi gari wata rana ya ba da ninki 5 bai sani ba. Rubuta lissafin a kati: nauyi, miligiram a kowane kilo, jimillar miligiram, sannan mil. Wani ya duba kafin ka soka.

Inda wannan ya fi cin rai a ƙasarmu shi ne diminazin, wanda kowa ya fi sani da Berenil. Ciwon kaska, wato babesiya, ya yi yawa, kare zai zo da zazzaɓi, dasashinsa fari fat, fitsarinsa ja ko ruwan shayi, saifa ta kumbura. Sabon likita ya saba da ƙullin maganin nan a wajen shanu: giram 2.36, a narka a mil 12.5 na ruwa, a samu kimanin mil 15 da ya ishi sa mai kilo 300. Kowane mil na wannan haɗin yana ɗauke da miligiram 70. Kare miligiram 3.5 yake buƙata a kowane kilo, a tsoka, sau ɗaya tak. Ke nan kare mai kilo 10 rabin mil ne rabonsa, kuma da sirinji mai mil 1 ake auna shi, domin babban sirinji ba ya nuna wannan ƙanƙantar. Tazarar da ke tsakanin warkewa da guba a maganin nan siririya ce. In ya yi yawa, ko aka maimaita, bayan kwana 1 zuwa 3 kare zai fara tangaɗi, idanunsa na rawa, wuyansa ya sandare ya lanƙwashe baya, saboda jini ya tsiyaya a ƙwaƙwalwa, kuma babu makarinsa. Maganin yana daɗewa a jiki, shi ya sa ba a maimaita shi cikin mako 3. Tambayi mai kare dalla-dalla ko wani ya riga ya yi masa allura a gida, domin da yawa sai sun gwada mai maganin unguwa kafin su zo, kuma ba za su faɗa ba sai ka ce "wata allura mai ruwan ɗorawa".

Kafin ma a kai ga allurar, tsaga bakin kunne kaɗan, ɗauki ɗigon farko, shafa a gilashi, rina da Giemsa ka duba. Ba kowane farin dasashi ne babesiya ba. Erlikiya ma kaska ce ke kawo ta, diminazin ba ya taɓa ta, doksisaikilin take so, miligiram 10 a kowane kilo kullum har kwana 28, kuma sau da yawa cututtukan biyu tare suke zuwa. Auna PCV. Lafiyayyen kare yana tsakanin 37 da 55. Wanda ya faɗo ƙasa da 15 yana haki, jini yake buƙata, kuma in ka ɗura masa ledar ruwa da sauri ka ƙara tsinka ɗan jinin da ya rage. Mil 2 na jini a kowane kilo yana ɗaga PCV da kusan lamba ɗaya, don haka kare mai kilo 15 da kake son ɗagawa daga 12 zuwa 22 yana buƙatar kimanin mil 300.

Ƙarin ruwa shi ne aikin da za ku fi yi, musamman ga 'yan kwikwiyo masu cutar farbo mai sa amai da zawo, amma shi aka fi yi da ka. Lissafinsa kashi uku ne. Na farko ruwan da ya riga ya fita: nauyi sau kason bushewa sau 10. Kwikwiyo mai kilo 5 da fatarsa ke jinkirin komawa, dasashi ya bushe, ido ya ɗan faɗa, a ce kashi 8 cikin 100, ya rasa mil 400. Na biyu buƙatar yini, kimanin mil 60 a kowane kilo, wato mil 300, ƙananan 'yan kwikwiyo ma sun fi haka buƙata. Na uku abin da yake ci gaba da zubarwa ta amai da zawo, a ƙiyasta mil 100 a sake dubawa. Jimilla mil 800 a awa 24, kusan mil 33 a awa. In igiyar ruwanka mai ɗigo 20 a mil ce, ɗigo 11 ke nan a minti. In ta yara ce mai ɗigo 60, ɗigo 33. Riƙe agogo ka ƙirga, ka dawo bayan rabin awa ka sake ƙirgawa, domin da zarar ya lanƙwashe ƙafa ruwan ya tsaya, da ya miƙe ta kuma ya kwararo.

Wanda ya zo a galabaice, ƙafafu sun yi sanyi, bugun jijiya da kyar ake ji, ba a fara masa da ɗigo-ɗigo. A ba shi mil 10 zuwa 20 a kowane kilo cikin minti 15, a sake duba shi, a maimaita in da buƙata. Kyanwa kuwa mil 5 zuwa 10 ne, kuma a ɗumama ta tukuna. Duk jinin jikin kyanwa mai kilo 3 bai wuce mil 180 ba, saboda haka ledar mil 500 da aka rataya aka manta da ita a buɗe tana cika mata huhu da ruwa. Ga kyanwa a yi amfani da igiya mai kwalbar awo, a zuba na awa 1 ko 2 kawai.

Mai farbo yana rasa fotasiyam da sukari. Akan sa miliikwibalan 20 (ma'aunin da ake auna shi da shi) na fotasiyam a lita, a jijjiga ledar sosai don kada ya taru a ƙasa, kuma kada ya wuce 0.5 a kowane kilo a awa. Rubuta a jikin ledar da babban rubutu, domin in abokin aikinka ya buɗe ta da sauri don farfaɗo da dabba, zuciya ce za ta tsaya. Mil 50 na ruwan sukari mai ƙarfin kashi 50 a cikin lita yana ba da kusan kashi 2.5. Jentamaisin a jikin da ya bushe yana lalata ƙoda, a jira sai ruwa ya shiga ya fara fitsari. Da amai ya lafa a fara ba shi abinci kaɗan-kaɗan, hanji ya fi saurin gyaruwa da abinci a cikinsa. Ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa har watanni, sabulu ba ya kashe ta. A wanke kashin tukuna, sannan bilic kashi 1 a ruwa kashi 30, a bar shi minti 10.

A ɗakin tiyata hankalin sabon likita yakan tafi kan wuƙa, alhali barcin ne ya fi kisa. Zailazin yana rage bugun zuciya yana sa amai, bai dace da dabbar da ta galabaita ko mai naƙudar da za a yi wa fiɗa ba. Sa kanula, ɗan bututun ba da ruwa da magani, a jijiya kafin komai, ko da aikin na minti 10 ne. A tanadi wanda ba shi da wani aiki sai rubuta bugun zuciya da numfashi da launin dasashi duk minti 5. Ketamin yana barin ido a buɗe, a shafa man ido. Ƙaramar dabba a kan teburin ƙarfe da jiƙaƙƙen ciki tana yin sanyi ko da zafin Afrilu ne, kuma sanyin yana jinkirta farkawa. A shimfiɗa tawul, a naɗe gorar ruwan ɗumi da zane kafin a jingina mata, in ba haka ba ta ƙone ta. Ƙirga gozi, ƙyallen tsane jini, kafin buɗe ciki da kafin rufewa. Wajen cire mahaifa, ƙwan dama ya fi zurfi, a nan ake barin guntu karya ta dawo tana neman namiji bayan watanni, a nan kuma ƙulli ke zamewa in an yanke dab da shi. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2008 ya gano cewa kusan rabin karnukan da suka mutu sanadin maganin barci, da fiye da rabin kyanwoyin, bayan an gama aiki suka mutu, akasari cikin awa 3 na farko. Don haka kada ka ɗinke ka tafi cin abinci. Zauna da ita har ta haɗiyi yawu, ta ɗaga kai, zafin jikinta ya doshi digiri 38.

Kyanwa ba ƙaramin kare ba ce, hantarta ba ta sarrafa wasu magunguna. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Maganin ƙuma na kare mai famitirin yana sa ta farfaɗiya. Enrofuloksasin in ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a yini yana makantar da ita. Ƙwayar doksisaikilin in ta maƙale a maƙoshi tana ƙona shi ya tsuke, a bi ta da ruwa a sirinji. A kare da kyanwa duka, kada a haɗa deksametazon da magungunan kashe zafi irin su meloksikam, haɗin yana huda ciki. Karen da aka yi wa wanka da piya-piya ya zo yana dalala, tsoka na rawa, ƙwayar ido ta tsuke, a sa safar hannu a wanke shi da sabulu, a ba da atirofin har dalalar ta tsaya ƙirji ya washe.

Ku yi rigakafin haukan kare kafin ku fara aiki, allura 2 ce, ranar farko da bayan kwana 7. Duk karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko mai shi ya ce ƙashi ya maƙale masa a wuya, kada ka sa hannu a bakinsa. In an cije ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ka tafi asibiti ranar, ko da ka yi rigakafin. Karen da ya yi cizo a tsare shi kwana 10. In ya mutu, a aika kansa cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji irin na cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ba a cikin fomalin ba.

Sauran shi ne rubutu da magana. Duk maganin da ka ba ka rubuta da lokacinsa nan take, domin wanda ya karɓe ka da dare katin kawai yake da shi, kuma ta haka ake ninka allura. Faɗa wa mai dabba kuɗi da haɗari kafin ka fara, ya sa hannu, musamman a farbo inda jinya kan ɗauki kwanaki kuma kuɗi kan ƙare masa a tsakiya. In dabba ta mutu a hannunka, nemi izini ka buɗe gawar tare da babban likita, ka duba ƙullinka, da huhu, da ƙoda, ka kwatanta abin da ka gani da abin da ka rubuta a kati.