Inda Aka Kwana: Hoton Dare da na Ɓauna a Sanyin Alberta

'Yan uwa masu koyon ɗaukar hoto, ga inda aikina ya kai a wannan hunturu. Har yanzu filin koyona shi ne gandun dajin Elk Island, kimanin kilomita 35 gabas da Edmonton a Kanada. Wurin yana cikin yankin Beaver Hills da aka keɓe tun 2006 don kare duhun sama daga hasken fitilu, kuma ɓaunar Amurka na yawo a ciki ba tsangwama. Mai kyamara guda ya samu aiki biyu ke nan: dabba da yamma, taurari da dare. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da kwata, don haka kana sallame Isha'i dare ya riga ya yi nisa, ba sai ka hana idonka barci ba.

Babban abin da ya sauya a aikina bana ba kayan aiki ba ne. Na gane cewa idan sanyi ya kai digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili, yatsu ne ke yanke hukunci, kyamara kuwa ta fi mai ita juriya. Duk abin da za a iya saitawa a cikin mota, a can nake gama shi: ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, a 1600 ko 3200, buɗin gilashin kyamara a mafi faɗinsa, lokacin ɗaukar haske, har da jinkirin daƙiƙa biyu don kada hannu ya girgiza hoton. Abu ɗaya ya rage a yi a waje, wato saita gani. Nakan nemi tauraro mai haske kamar Sirius, in zuƙo shi a allon kyamara, in murɗa da hannu har ya zama ɗan ɗigo, sannan in manna salatif a kan zoben saita ganin don kada ya motsa. Safar hannu biyu nake sawa, siririya a ciki, mai kauri a waje, kuma siririyar ba ta fita ko da wasa. Ƙarfen mariƙin nan mai ƙafa uku yana kama fata tsirara ya riƙe, shi ya sa na naɗe ƙafafunsa da soso.

Batir kuma sai lallashi. Sanyi yana rage saurin aikin sinadarin da ke cikinsa, sai kyamara ta nuna ya mutu alhali da sauransa. Ka cire shi ka sa a aljihun ciki kusa da ƙirji, ka sa ɗan'uwansa, bayan ɗan lokaci za ka tarar na farkon ya farfaɗo. Numfashi ma abin lura ne: tururin bakinka in ya sauka kan gilashi nan take yake daskarewa, gogewa kuma sai ta ƙara ɓata shi. Ka kawar da fuska gefe in kana kusa. Da za a koma gida, ina cire katin hotuna tun a waje, in rufe kyamara ruf a leda mai zik, in bar ta sa'o'i kaɗan a ɗaki kafin in buɗe. Raɓar sai ta taru a jikin ledar maimakon cikin na'ura.

Sanyin yana da ranarsa fa. Na'urar da ke karɓar haske ba ta ɗaukar zafi, saboda haka ɗige-ɗigen nan da ke ɓata hoton dare suna raguwa sosai, iska kuma ta bushe, sama ta yi tas. Da ƙaramin gilashin da ya zo da kyamarata, mai milimita 18, ƙa'idar nan ta raba 500 da tsawon gilashi don sanin daƙiƙa nawa za a bar kyamara a buɗe tana ba ni wajen daƙiƙa 28, amma a aikace taurari sun fara jan wutsiya kafin nan, don haka na tsaya a 10 zuwa 12. Yanzu ina ɗaukar hotuna da yawa na waje ɗaya in haɗa su da Sequator, manhajar kyauta ce. Da haka Kaza da 'Ya'yanta suka fito da ɗan shuɗin hazon da ke kewaye da su, hazon da ke cikin rukunin taurarin Orion ma ya nuna launinsa. Wanda ya saba da sararin Kano sai ya ɗan yi jim: Tauraron Arewa da muke gani ƙasa-ƙasa a digiri 12, a nan ya haura digiri 53, sai ka ɗaga kai sosai.

Hasken arewa, wato aurora, shi ne ya fi ba ni aiki. Yana motsi kamar labulen da iska ke kaɗawa, in ka bar kyamara a buɗe daƙiƙa 15 sai ka samu kore a dame ba siffa. Idan yana rawa da sauri, daƙiƙa 2 zuwa 5 sun isa, a ƙara ISO a haƙura da ɗigon. Koren daga iskar oksijin yake, sama da kilomita 100 a sararin samaniya, jan kuma ya fi shi nisa. Ina duba AuroraWatch, hasashen aurora na Jami'ar Alberta kafin in fita, amma gajimare ya fi kowane hasashe iko.

Ɓauna fa? Babbar hanya mai lamba 16 ta raba gandun biyu, ɓaunar fili a arewa, ta kurmi a kudu, ni kuwa arewa nake zuwa. Hukumar gandun ta ce a bar tazarar mita 100, kuma ina ganin masu matsawa don hoto ba su da uzuri. Dabbar da ke ture dusar ƙanƙara da kanta don ta kai ga ciyawa tana tattalin ƙarfinta ne, duk gudun da ka sa ta yi asara ce gare ta, ban da cewa ta fi ka sauri nesa ba kusa ba. Daga tagar mota nake ɗauka, in kashe inji, in ɗora gilashi kan ƙullin shinkafa. Farin dusar ƙanƙara yana ruɗar ma'aunin haske, ya mayar da fari toka-toka, ɓauna kuma ta zama baƙin dunƙule. Ƙarin haske mataki ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya gyara wannan, har ƙanƙarar da ke gemunta ta fito.

Abin da ya rage min shi ne farar mujiyar da ke saukowa daga arewa mai nisa ta zauna kan turakun gonaki a wannan lokaci. Gilashina mai milimita 300 ya yi mata gajarta, don haka zan yi hayar mai 600 na kwana biyu in gwada kafin in yi maganar saye. Wanda ya taɓa amfani da zoben ɗumama gilashi mai jona USB a irin wannan sanyi, ya faɗa min ko ƙaramin fawa-banki yana kai shi tsakar dare.