Yadda nake raɗa wa mutanen labarina suna

Ina rubuta gajerun labarai da wasan kwaikwayo na Kirista da Hausa a nan Sakkwato, yawanci don zumuntar matasa da ta mata. Kafin in taɓa babi na farko, nakan ware shafi guda na sunaye kawai, domin a garin nan suna yana riga mai shi isowa. Da an ji Bitrus, Istifanus ko Rifkatu, an san Kirista ne. Ibrahim, Musa, Haruna da Saratu kuwa na kowa ne. Idan labarin na zaman maƙwabtaka ne a kasuwa, sai in ba jarumin Haruna, don mai karatu ya fara ganin halinsa kafin ya tambayi addininsa.

Babban abin da na koya, daga Littafi Mai Tsarki na ɗauko shi. A can, suna yakan yi nauyi ne a lokacin da rayuwa ta juya. Abram ya zama Ibrahim a Farawa 17, Yakubu ya zama Isra'ila bayan kokawar dare a Farawa 32. Na'omi ta koma Baitalami ba miji ba 'ya'ya, ta ce a kira ta Mara saboda ɗacin da ta sha. Barnaba ma Yusufu ne sunansa na yanka. Manzanni ne suka laƙaba masa wannan don yadda yake ƙarfafa zukata. Haka Bahaushe yake yi da laƙabi. Saboda haka nakan bar mutum da sunansa na gida har tsakiyar labari, sai ya aikata wani abu, mutanen unguwa su raɗa masa na biyu. Ma'anar takan zauna daram, tunda an ga aikin da ya jawo ta.

Inda aiki ke lalacewa shi ne a sa suna ya tona ƙarshen labari. Ka ba ma'ajin ikkilisiya suna Yahuza, sunan almajirin da ya ci amanar Yesu, tun fitowarsa ta farko an san kuɗi za su ɓace, sauran wasan kuma zaman jira ne. Sunaye irin su Alheri, Godiya, Murna da Salama suna da daɗi, Kiristocin Arewa kuma suna sa su da gaske, amma ɗaya ya isa a labari, in ya yi yawa biyu. Na fi son in sa Murna a gidan da ake zaman makoki, a ga ko sunan zai riƙe ta.

Sunayen gargajiya suna zuwa da tarihinsu. Talatu ranar Talata aka haife ta, Tanko yana da yayye mata, Gambo tagwaye ya biyo. In ka saɓa, wata dattijuwa a bencin baya za ta gane nan take.

Akwai kuma alkunya. A gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran na mijinta, sai dai ta ce Maigida ko Baban Godiya. Idan saƙon labarin yana rataye da sunan, a bakin kaka, fasto ko abokin wasa nake sa shi.

Daga nan sai in karanta jerin da ƙarfi. Saratu, Hannatu da Rifkatu a wasa ɗaya suna rikita mai sauraro, don duk ƙarshensu ɗaya. Nakan mai da guda Tabita ko Ladi. Rubutun sunayen kuma ina bin fassarar Littafi Mai Tsarki da ikkilisiyar ke karantawa, ko ta 1932 ko ta 1979. In mutumin ɗan Zuru ne ko Kudancin Kaduna, ba na ƙirƙiro masa sunan yare. Dattijon yankin nake tambaya, ya faɗa mini sunan da wanda ake sa wa shi.